Yadda Na Zama Bakin Malam Abdulkabir

Asabar, bayan La'asar

Ina tsakiyar cinikin wake Tahira ta bugo waya, wai Inna Maimunatu ta ce in zo yanzu-yanzu, kuma kada in gaya wa kowa. Matata idan ta ce kada a gaya wa kowa, ta riga ta gaya wa mutum uku. Amma yau muryarta daban take, sai na saki bakin buhu na hau babur.

Inna ƙanwar mahaifiyar Tahira ce, mijinta kuma Malam Abdulkabir, wanda ya koya mana Turanci a firamare. Ke nan ni ɗan gida ne ta ƙofar baya. Abin da ya same shi jiya a gona ba ni zan rubuta shi ba. Na tarar an jingina shi da filo, hannun dama yana nan inda aka ajiye shi. Baki yana aiki, sai dai Hausa ta ɗauke kamar an ɗauke wuta. Tun da ya farfaɗo Turanci kawai yake zubawa.

Yayansa, Baba Sama'ilu, ya hana a kira malaman makaranta, wai sirrin gida ba ya zuwa ofishin hedimasta. 'Yar Malam tilo, Rukayya, tana Legas da tsohon ciki, ita ma an ce kada ta ji. Sai ni.

"Ai kai ne Baturen kasuwa," in ji Baba. "Tambaye shi me yake ji."

Gaskiya ne, duk mutumin kudu da ya zo sayen wake a Tsanyawa ta bakina yake wucewa. Amma Turancina na nawa-ne-ƙarshe ne, da ɗora-a-mota, da Allah-kiyaye-hanya. Na Malam kuwa doguwar riga ce mai aiki har ƙasa. Ya yi magana mai tsawo, bakin ya ɗan karkace, ban kama ko wutsiyarta ba.

To dillali ba ya cewa ban gane ba. Ranar da ya faɗa, ranar za a ba wani rumfarsa.

Na ce, "Ya ce ya gaji, doguwar tafiya ya yi."

"Doguwar tafiya? Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba? Daga ina?"

Na ce, "Daga ƙasar Turawa."

Baba ya dubi Inna. Ni kuma aka kawo mini farfesun kaza.

Lahadi, hantsi

Aikin ba wuya. Malam ya yi magana, na ce ruwa yake so, aka ba shi ya sha. Ya sake yi, na ce a gyara masa filo. Wane ne a duniya ba ya son a gyara masa filo? Na gwada kara masa wayata ko za ta fassara, ita ma ta ce ba ta gane ba. Ita ba ta da rumfar da za ta rasa.

Yau ma farfesu.

Litinin, bayan Azahar

Ashe yana jin Hausa. Fita ce ba ta yi, amma shiga tana yi.

Ya yi magana, na juya na ce wa Inna ya ce a ƙara wa baƙo nama. Sai na ji ƙwal! Ya ɗauki cokali da hannun hagu ya buga a kwanon sha. Na waiwaya, idanun nan na aji biyar suna kaina. Shekarata arba'in da wani abu, 'ya'yana shida, amma sai da na ji ƙafata ta haɗe da 'yar'uwarta.

Na ce, "Malam, a yi haƙuri, kuskuren harshe ne."

Ƙwal!

Na sake ba da haƙuri. Ƙwal! Sai can na tuna dokarsa ta makaranta: ba a yi masa Hausa a aji. Inna ta yi masa Hausa ya ƙyale, Baba ya yi ya ƙyale, amma ni ɗalibi ne. Na ce, "Sori, Sa." Ya ajiye cokalin.

Mutum yana kwance rabinsa ba ya amsa sallama, amma doka tana nan daram.

Laraba, bayan Isha'i

Baba ya gama lissafinsa. Ya tara mu a zaure, ni da Inna, ya ce shi tun Asabar ya gane. Wanda ya ce daga ƙasar Turawa ya zo ba ƙaninsa ba ne, baƙo ne ya sauka a jikinsa. Aljani ne, kuma Bature. Ya ce shekara talatin Abdulkabir yana kiran yarensu a aji, dole wata rana su amsa.

Akwai wani mai magani a wajen Bagwai, ɗaki yake rufewa da mutum ya turnuƙe shi da hayaƙi har baƙon ya faɗi sunansa ya fita. Layi gare shi, sai Asabar ta sama ya ba mu.

Inna ta ce Fatihu mai kemis ya auna jinin Malam, ya ce ya hau, a kai shi asibitin birni tun da wuri. Baba ya ce Fatihu ya auna na ubansa.

Na san wani da aka kai ɗakin nan bara. Mai hawan jini ne shi ma. Shi ke nan, dare ya yi.

Alhamis, da safe

Ba ni na ce aljani ba. Ni tafiya kawai na ce.

Juma'a, bayan an sauko

Na zauna na yi tunani irin na sana'a. Idan mai kaya ya kafe, ba a ja da shi, ta bayan gida ake zagayo masa. Tunda Baba ya yarda akwai baƙo, kuma ni kaɗai ne ke jin bakin baƙon, ai ciniki a hannuna yake.

Na shiga, Malam ya yi 'yar magana, na juya da fuskar tashin hankali.

"Baba, baƙon nan ya yi bayani. Ya ce shi ɗan boko ne, hayaƙi ba ya kama shi. A garinsu allura suka sani da likita mai farar riga. In ana so ya tafi, a kai shi birni."

Cokali bai yi ƙara ba. Na lura da wannan.

Baba ya yi murmushi, ya gyara hularsa. "Tasi'u, kai da kake kasuwa, ka taɓa jin ɓarawo ya nuna inda sanda take? Tunda ya ce asibiti, hayaƙin yake tsoro. Alhamdu lillahi, mun kama lagonsa."

Tsohon nan shekara hamsin yana sayar da tumatir. Wanda ya saba ciniki da kayan da ke ruɓewa kafin Magariba ba a yi masa wayo da sauƙi.

Lahadi, bayan La'asar

Na juya kaya. Na ce wa Baba baƙon ya ce ya yi ƙarya ranar Juma'a, hayaƙi ne abincinsa, in an yi masa sai ya ƙara ƙiba ya kira 'yan'uwansa su ma su zo.

Baba ya ce, "To madalla. Baƙo ai da abin da yake so ake karɓarsa. Su zo duka a yi musu gaba ɗaya."

Malam ya rufe ido. Ban san ko dariya yake ko addu'a ba.

An daina farfesu. Tuwo ne da miyar kuka, ita ma tsararo.

Litinin, da yamma

Malam ya mayar da ni aji. Idan Baba ya fita sai ya riƙa magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yana nuni da cokali. In na kama, ya gyaɗa kai. In na zame, ƙwal. Yau na gane yana cewa a kwance akuya daga rana, kuma a daina sa masa gishiri a abinci. Na yi gumi kamar na sauke tirela ni kaɗai.

Abin haushi, ashe Turancin yana nan a kaina, can ƙasan rumbu, ƙwari ba su gama cinye shi ba.

Talata, bayan Magariba

Na sami Baba a gindin darbejiya na faɗa masa kai tsaye.

"Baba, babu wani baƙo. Ranar farko ban gane abin da Malam ya ce ba, ni na ƙirƙiri tafiyar nan."

Ya daɗe yana kallona. "Nawa ya ba ka?"

"Wa?"

"Baturen. Dillali ai na wanda ya biya shi ne. Da kana mana aiki, yanzu ka koma wajensa. Ka kiyaye ni, in ba haka ba motar da za ta kai shi Bagwai tana da kujera biyu a baya."

Shekara ashirin ina ƙarya a kasuwa ana cewa na'am. Yau na faɗi gaskiya sau ɗaya, an ce cin hanci na karɓa.

Ban ga laifinsa sosai ba. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Na ga lokacin da yake fita daga wajen Malam yana goge ido da bakin riga, wai hayaƙin murhu ne. Ba a hura wuta ba.

Laraba, hantsi

Inna ta ja ni gefe wajen turmi. Ta ce, "Ni na san mijina ne. Jiya na kai masa miyar kuɓewa ya kau da kai. Wane aljani ne zai zo tun daga Turai ya tsani kuɓewa daidai yadda Malam ya tsane ta?" Amma ta ce ba za ta iya ɗaga murya a gaban yayan miji ba, ba a yi mata wannan tarbiyyar ba.

Muka shiga tare. Ta ce in tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo. Na ce ai yana jin ki, Inna. Ta ce ta sani, amsar take so.

Ya dube ta ya yi magana gajeriya. Wannan karon na gane duka, tun daga kai har wutsiya, kuma na so a ce ban gane ba. Na tsaya ina susar ƙeya. Ya ɗaga cokali.

Na ce, "Ya ce kin rame. Ya ce ki ci abinci. Ya ce ki yafe masa wankin da yake sa ki."

Inna ta ce, "Ji shi da wata magana," ta fita da sauri ta bar takalminta ɗaya.

Wannan fassarar ban ci la'adar ko kalma ɗaya a cikinta ba.

Alhamis, tsakar rana

Saura kwana biyu. Ba ni da sauran dabara. Na yi asarar ciniki biyu yau saboda ina kallon mutum yana magana ba na jin sa.

Juma'a, da hantsi

Akwai maganar da nake so Malam ya ji kafin a sa shi a motar nan. Ba don ina zaton wani abu ba. Kawai dai.

Ina aji huɗu kurkunu ya kama ni a ƙafar hagu. Yaran yanzu ba su san shi ba, tsutsa ce kamar zare, daga ruwan tafki ake sha, ta fito ta ƙafa a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har wata da watanni. Babana ya ce makaranta ta ƙare ke nan, dama bai so ba. Malam bai yi gardama da shi ba. Washegari da sassafe sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gidanmu. Damina guda yana goya ni, daga unguwarmu har makaranta, ta cikin taɓo, ƙafata a naɗe da tsumma tana wari, shi kuma yana tambayata sunayen abubuwa da Turanci duk abin da muka wuce. Jaki, rijiya, gero, gajimare. Abincin da nake ci yau a bayan keken nan aka dafa shi.

Ban taɓa ce masa komai a kai ba. Yaro ba ya godiya, babba kuma sai ya ga kamar lokaci ya wuce. Da Hausa zan iya tsara ta har duwatsu su yi kuka, amma doka doka ce.

Na je wajen Madam, mai sayen wake daga Anacha, tana kan buhu tana cin gyaɗa. Na ce ta ara mini Turancin godiya, mai kyau, na fita kunya. Ta ce wa ya mutu? Na ce ba wanda ya mutu, ki iya bakinki. Ta ba ni wani mai nauyi irin na cocinsu, har da cewa Ubangiji ya shafa wa burodinsa man shanu. Na cire burodin, Malam ba ya cin maiƙo yanzu. Sauran na haddace a kan babur, ina tafe ina yi, har wani mai amalanke ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Asabar, bayan Isha'i

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Bas ta zo da hantsi, direba yana ta danna oda. An sa wa Malam farar riga da hula. Inna ta ɗaure kaya a ɗankwali tana kwancewa tana sake ɗaurewa. Baba ya kira maƙwabta biyu su ɗauke shi.

Na ce, "Baba, a ba ni minti ɗaya, ina da saƙo."

"Wajen wa? Ƙanena ko ubangidanka?"

Na ce duk wanda ya amsa.

Na tsaya a gaban gado, na haɗe ƙafa, hannu a baya. Na ce, "Gud monin, Sa." Ya gyaɗa kai. Na buɗe baki in ɗauko na Madam, sai na tarar wayam. Duk ya zube a hanya. Abin da ya rage mini shi ne nawa na kasuwa, sai na kama da shi.

Na ce masa da Turanci ni ne yaron nan mai ƙafa. Ban san sunan kurkunu ba, sai na naɗe wando na nuna tabon. Na ce kai keke, ni kaya. Na ce kullum ka yi lodi ka sauke, ba ka karɓi kuɗin mota ba. Na ce ruwa yana dukan ka, ka ba ni rigar ledarka. Na ce babana ya ce ƙarshen farashi ke nan, kai ka ce a'a. Na ce tankiyu. Na nemi abin da zan ɗora a kai ban samu ba, na sake cewa tankiyu. Daga nan murya ta koma ta ɗan akuya, amma ban tsaya ba. Na koma kan jaki da rijiya da gajimare, ina kiran sunayensu ɗaya-ɗaya yadda ya koya mini, kowanne in bi shi da tankiyu.

Ƙwal! Ban kula ba. Ƙwal, ƙwal! Direba yana oda, maƙwabta sun saki baki, ni kuwa na shiga gero da dawa.

"Tasi'u."

Na ce, "Sa?"

"Ya isa. Zauna."

Na zauna a ƙasa. Sai da na zauna na ji da wane yare aka zaunar da ni.

Na ɗaga kai na dubi Malam. Bakinsa yana rawa, kalmomin suna fitowa da ƙyar kamar ana jawo guga mai nauyi. Ya nuna ni da cokali ya ce wa Inna, "Nauyi... gare shi. Taya biyu... ya fasa mini."

Inna ta rangaɗa guɗa, a tsakiya ta karye ta koma kuka. Baba ya yi kabbara har hularsa ta faɗi.

"Ya fita! Wallahi ya fita! Ina kallo ya bi ta taga!" Ya rungume ƙaninsa, ya juyo gare ni. "Kai, yaron nan, wannan Turancin naka ko aljani bai iya jure masa ba. Ni da ba na ji ma sai da na ji kaina yana sarawa."

Na buɗe baki in yi bayani, sai na tuna: idan mai saye ya ce na saya, ba a ƙara yabon kaya. Na ce, "Ikon Allah ne, Baba. To amma hannun da ƙafar fa?"

Ya ce, "Wannan kuma ai ɓarnar da ya bari ce, aikin likita ne. Kai direba, juya kan motar nan, birni za mu."

Inna ta tafi da su. Ni aka bar wa akuya.

Talata, bayan La'asar

Tahira ta yi waya da Inna. An ba su gado, an ce da an ƙara kwanaki da labari ya bambanta, an fara gasa masa hannu. Hausar tana dawowa kaɗan-kaɗan, rabi da rabi. Wai jiya ya gyara wa wani ƙaramin likita Turanci. An gaya wa Rukayya, ta yi faɗa na awa guda, har ni ta haɗa.

Ranar kasuwa, da yamma

Baba ya baza labari har ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba. Yau ina awo sai ga mata biyu daga wajen Bagwai, sun riƙo wani ƙato da ke fama da iskoki, da zakara a hannu. Wai su ne aka ce su zo wajen Malam Tasi'u mai Turanci, in tofa masa ko kaɗan ne.

Zakaran mai kyau ne, ja, ya kai na Sallah. Na daɗe ina kallonsa.

Na kwatanta musu kemis ɗin Fatihu. Na ce su yi haƙuri, wannan Turancin ba na sayarwa ba ne. Mutum ɗaya na yi wa shi, kuma ya ce ya isa.